Gurnanin amsa-kuwwa da muryar zamanin da a ampli mai kwalba: tambayoyin da masu jita ke kawo mini a Maraɗi

Ni mai gyaran kayan sauti ne a nan Maraɗi. Wajen maigidana na koyi aiki, shi kuwa tun zamanin rediyo mai kwalba yake riƙe da ƙarfen dalma. Shi ya sa ampli mai kwalba in ya shigo garin nan, ko ta Kano ya biyo ko ta Kwatano cikin kayan gwanjo, da wuya bai kwana a shagonmu ba. Ba su da yawa, amma masu su kusan magana ɗaya suke zuwa da ita: "Malam, muryarsa nake so, ƙararsa ce ta dame ni." Na tattara tambayoyin da na fi ji, da amsar da nake bayarwa in mutum ya zauna kan bencina.

Malam, mene ne ma ampli mai kwalba, me ya raba shi da wanda muka saba?

Leƙa bayansa in yana kunne. Za ka ga kwalabe na gilashi a jere, an zuƙe musu iska, kowace da ɗan jan garwashi a cikinta. Su ne ke ƙara wa sautin jita ƙarfi, aikin da tiransisto ke yi a ampli na zamani. Ƙananan, irin 12AX7 da 12AT7, su ke karɓar sautin tun yana jariri. 12AX7 tana iya ninka shi har sau 100, 12AT7 kuwa wajen sau 60. In kayan Turai ne za ka ga an rubuta ECC83 da ECC81, su ɗin ne dai, suna kawai ya bambanta. Manyan kwalaben, irin 6V6, 6L6, EL84 da EL34, su ke tura lasifika ta cikin tiransifoma. Garwashin nan wuta mai bolt 6.3 ke hura shi, amma wutar da kwalbar ke aiki da ita tana kai bolt 400 zuwa 500. Ka riƙe wannan adadin, za mu komo kansa.

Amsa-kuwwar nan da aka rubuta wa Reverb, daga ina take fitowa?

Daga sifirin, na ƙarfe, irin wanda za ka iya taɓawa da yatsa. A ƙasan akwatin ampli akwai wani dogon gwangwani kwance cikin jakar leda. Buɗe shi ka ga sifirin siriri biyu ko uku an miƙe su daga wannan gefe zuwa wancan. A gefe ɗaya akwai ɗan naɗin waya da maganaɗisu da ke murɗa sifirin daidai da sautin jitarka. Girgizar sai ta bi sifirin ta isa ɗaya gefen cikin abin da bai wuce kashi 30 zuwa 40 cikin dubu na daƙiƙa ba, ta bugu, ta dawo, ta sake komawa, tana raguwa a hankali. A ɗaya gefen wani naɗin waya na tsaye yana ɗaukar duk wannan kai da komowa yana mai da shi lantarki. Abin da kake ji ke nan kamar ka yi kira a bakin tsohuwar rijiya.

Dabarar ta kamfanin Hammond ce na Amurka, masu ƙera ogan na lantarki. Ogan ɗinsu in an kai shi ɗaki sai ya bushe, ba ya yin cikar da yake yi a babbar majami'a, sai Laurens Hammond ya nemi rajistar wannan dabara a 1939. Na farkon manya ne ƙwarai. Wajen 1960 suka fito da ƙarami mai tsawon santimita 42 da ɗoriya, wanda zai shiga akwatin ampli. Kamfanin Fender mai ƙera jita da ampli ya karɓa, ya fara sayar da shi a akwati na daban a 1961, sannan a 1963 ya saka shi cikin ampli mai suna Vibroverb. A shekarar ne Twin Reverb da Deluxe Reverb suka fito, Princeton Reverb ya biyo baya a 1964.

Ga inda matsalar take. Sautin da ke fita daga sifirin ɗin ƙanƙane ne, bai wuce ƴan kashi cikin dubu na bolt ɗaya ba. Dole kwalba ta ninka shi sosai kafin a ji shi. Kwalba kuwa ba ta san na gida ba, ba ta san baƙo ba. Duk ƙarar da ta samu hanya ta shiga wayar nan, tare za a ninka su. Shi ya sa a duk jikin ampli babu ƙofar da ƙara ta fi son shiga kamar ta amsa-kuwwa.

In Reverb na kan sifili shiru nake ji, da na murɗa shi sai gurnani ya taso. Kwalba ce ta mutu?

Kada ka yi saurin sayen kwalba. Cikin waɗanda ake kawo mini da wannan ciwo, mafi yawansu kwalabensu lafiya lau. Tun da gurnanin yana bin mamurɗin Reverb, ka san ta gaban mamurɗin yake shiga, wato tsakanin bakin fitar gwangwanin da kwalbar da ke karɓarsa. Ga yadda nake bi, kuma duk wannan kana iya yinsa ba tare da ka kwance cikin ampli ba.

Na farko wayoyi biyun nan masu kan RCA, zagayayyen kan nan irin na wayar bidiyo, da ke haɗa gwangwanin da ampli. Kashe ampli, zare su, ka dubi bakinsu. A garin nan za ka tarar da ƙurar hunturu ta haɗu da laimar damina ta yi musu tsatsa. Goge su har su yi ƙyalli, ka ɗan matse leɓen waje don ya kama sosai, ka mayar. Ka sa alama kafin ka zare, don in ka juya su, na shiga ya koma na fita, amsa-kuwwar za ta yi rauni, gurnani kuma ya ƙaru. Wayar ma kanta ta kan ruɓe ta ciki, ragar da ke kare ta ta tsinke. In kana da wata mai kyau, gwada.

Na biyu kwanciyar gwangwanin. Babbar tiransifomar wuta tana watsa maganaɗisu kewaye da ita, naɗin wayar da ke bakin fita kuwa shan sa yake kamar auduga. Dole bakin da aka rubuta Output ya kasance a gefen da ya fi nisa da tiransifomar. Sau da yawa wani ya taɓa ciro gwangwanin ya mai da shi a juye. Gwajin mai sauƙi ne: kwance shi, ka fito da shi waje da wayoyinsa a jone, ka nisanta shi da ampli. In gurnanin ya faɗi, ka gano ɓarawon.

Na uku wayar takalmin da ake takawa a kashe amsa-kuwwa. A tsofaffin Fender wayar nan kai tsaye take haɗe da mashigar kwalbar da ke karɓar sautin sifirin. In ba mai raga ba ce, ta zama eriya ke nan. Zare ta ka saurara.

Sai bayan waɗannan nake waiwayar kwalba. A Deluxe Reverb da Twin Reverb, in ka fara ƙirga daga gefen da ke nesa da manyan kwalabe, ta uku 12AT7 ce mai tura sifirin, ta huɗu 12AX7 ce mai karɓa. Ta farko ma 12AX7 ce, ta layin Normal. Kashe ampli, bari su huce, ka musanya ta farko da ta huɗu. In ƙarar ta tafi, kwalbar ce, kuma ko dala ba ka kashe ba wajen ganowa. Amma kada ka sa 12AX7 a gurbin 12AT7 mai turawa don ka ga ƙafafunsu iri ɗaya ne. Wurin yana da nauyi, ba za ta jure ba.

Ƙarar ai iri-iri ce. Yaya zan faɗa maka wadda nake ji in na kira ka a waya?

Jitarka za ta taimake ka. Wutarmu a Nijar tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, don haka gurnani iri biyu ne. Danna babbar tsirkiya a gaɓa ta uku ka kaɗa. Sautin nan yana girgiza sau 98 a daƙiƙa. In gurnanin ampli ya yi kusan daidai da shi, ya ɗan ɗara kaɗan, na sau 100 ne, kuma wannan yawanci daga manyan kondansa masu tace wuta yake, sun tsufa sun bushe, ko kuma manyan kwalaben biyu ba su yi daidai da juna ba. In kuwa gurnanin ya fi duk wani sautin jita zurfi, kana jin sa a ƙirji kamar babbar mota na tsaye a ƙofar gida, na sau 50 ne. Wannan maganaɗisun tiransifoma ne, ko wayar garwashin kwalba, ko rashin wayar ƙasa.

In zizar ce mai kaifi kamar ƙudan zuma cikin gwangwani, dubi abin da ke jone kusa da kai: cajar waya, fitila mai arha, injin sola. In huci ne, shuuu, wannan na kwalba ne da rezista, ƴan kayan nan masu rage gudun wuta, kuma kaɗan daga cikinsa halin abin ne. In ƙaras-ƙaras ne kamar ana suyar ƙosai, ko ƙafafun kwalba sun yi datti, ko tsofaffin rezista na gawayi masu om 100,000 da ke kan kwalaben farko sun sha laima. A watan Agusta na fi ganin wannan. In kuma sai ka murɗa mamurɗi yake yi, ƙura ce a cikinsa, a fesa masa maganin wanke lantarki. Kada a zuba masa man inji ko kananzir, na sha ganin an yi, kuma daga nan sai saye.

Nawa fito yake yi, in na ƙara murya sai ya ɗauki kuka ba ya bari.

Abu biyu ne. Ko dai lasifika na girgiza akwati, akwati na girgiza sifirin, sifirin na mayar wa lasifika, suna ta zagaye. Maganinsa a raba gwangwanin da katako: kwali a ƙarƙashinsa, jakarsa a jikinsa, kuma kusoshin da ke riƙe jakar kada a ɗaure su tamau. Mutane na ganin jakar nan kamar ado ce su jefar, alhali aiki take yi. Ko kuma wata ƙaramar kwalba ce ƙarafan cikinta suka saki, ta koma kamar makirfo. Samu busasshen tsinke na itace, ka ɗan ƙwanƙwasa kwalaben ɗaya bayan ɗaya a hankali, ampli na kunne. Kowace za ta ɗan amsa, amma mai ciwon za ta yi ƙara kamar an bugi kwano.

In na motsa ampli sai in ji kamar aradu ta faɗi a ciki.

Lafiyarsa ƙalau. Sifirin ne suka bugi juna. Ka mai da Reverb sifili kafin ka ɗaga shi, kada ka wahalar da lasifika.

Amsa-kuwwar ta ɗauke gaba ɗaya bayan mun dawo daga wasan biki a ƙauye.

Wannan aradun da na ce lafiya ce, ita za ta yi maka bincike. Kunna ampli, ƙara Reverb, ka ɗan jijjiga akwatin. In ka ji tsawar, ɓangaren karɓa na da rai, matsalar tana wajen turawa: 12AT7, ko ƙaramar tiransifomarta, ko wayar shiga. In shiru ne, wajen fita za a duba. Abin da na fi tararwa shi ne ƴan wayoyi biyu sirara kamar gashi da ke cikin gwangwanin, daga kan RCA zuwa naɗin waya. Hanyar ƙauye a bayan kabu-kabu ko cikin amalanke ita ke tsinka su, ɗigon dalma ɗaya kuma ya ishe su. In za ka yi doguwar tafiya, cusa ɗan soso mai laushi ƙarƙashin sifirin, ka cire in ka isa.

Akwai wani da aka kawo mini daga wajen Tibiri, mai shi ya ce amsa-kuwwar ta zama gajera, ta toshe kamar mai mura. Wayoyi lafiya, kwalabe lafiya. Da na juya gwangwanin sai ga zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a kusurwa, ginin ya kama sifirin guda ya riƙe. Na ɓanɓare lakar da tsinke, na share da burushi mai laushi, muka jona. Mai jitar ya kaɗa tsirkiya ɗaya, ya ɗaga hannu ya bar ta, muka yi shiru mu biyu muna jin wutsiyar sautin tana tafiya har ta ɓace. Tun daga ranar, duk ampli da ya daɗe a ajiye sai na fara leƙa cikin gwangwaninsa.

In gwangwanin ya lalace, kowanne na samu a kasuwa zan iya sawa?

A'a. A jikinsa akwai lamba, ita za ka bi. Wanda tsofaffin Fender masu kwalba ke ɗauka 4AB3C1B ne. Lamba 4 na nufin dogon nan mai santimita 42. A na nufin mashigarsa om 8 ce, B kuma mafitarsa om 2,250. Lamba 3 doguwar wutsiya ke nan, daga kusan daƙiƙa 3 zuwa 4. C na nuna an raba mashiga da jikin gwangwani, mafita ce kaɗai ke haɗe da shi, kuma wannan harafin ba ƙaramin abu ba ne wajen gurnani, don in ka sa wanda duka biyun ke haɗe da jiki kana iya buɗe wa ƙara sabuwar hanya. B na ƙarshe yana faɗin kwanciyarsa, a kwance bakinsa na kallon ƙasa. Gwangwanin da aka ciro daga ampli na tiransisto yawanci mashigarsa ɗaruruwan om ce, in ka sa shi a nan da ƙyar za ka ji amsa-kuwwa. In za ka aika a sayo maka a Kano ko Yamai, ɗauki hoton lambar ka tura.

Wai mece ce "muryar da" ɗin nan da ake ta faɗa? Ba son tsohon abu ba ne kawai?

Akwai son tsohon abu a ciki, ban musa ba, mu ma muna cewa tsohuwar zuma da ita ake magani. Amma abin yana da dalilai da za a iya aunawa.

Kwalba in an matsa mata ba ta yanke sauti farat ɗaya. A hankali take lanƙwasa shi, tana ƙara masa wasu sautuka ƴan'uwansa a sama, shi ya sa in ka kaɗa a hankali ka ji shi garau, in ka danna ya yi ɗan kaushi mai daɗi, duk ba ka taɓa mamurɗi ba. Hannunka ne ke juya shi. Mai goge ya san wannan, yadda nauyin baka kan tsirkiya ke canza murya.

Sannan akwai kwalbar da ke daidaita wuta, irin GZ34 ko 5U4 ko 5Y3. In ka bugi tsirkiyu da ƙarfi, wutar ta kan ɗan faɗi na ƙiftawar ido sannan ta farfaɗo, sai sautin ya yi kamar ya ja numfashi. Deluxe Reverb na da ita, da wat 22 da 6V6 guda biyu, shi ya sa yake saurin yin laushi. Twin Reverb ba shi da ita, wat 85 ne da 6L6 guda huɗu da lasifika biyu, shi kuwa yana nan garau ko a filin biki. Nauyinsa dai kusan kilo 30 ne, mai ɗaukarsa ya sani.

Akwai kuma tsarin da kowane kamfani ya zaɓa. Fender na tsakiyar shekarun 1960, masu baƙar fuska, suna rage sautin tsakiya su bar ƙasa da sama, shi ne wannan ƙyallin da ke dacewa da amsa-kuwwa. Kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, daga wajen 1968 fuskar ta koma ruwan azurfa, aka yi ta sauya wasu abubuwa a ciki. A Ingila kuwa Vox AC30 da EL84 guda huɗu yake aiki, Marshall JTM45 na 1962 kuma daga tsarin Fender Bassman aka kwaikwayo shi, amma da kayan da ake samu a can, sai muryarsa ta fita daban. Ka ga ke nan muryar da ba guda ɗaya ba ce.

In ka tambaye ni abin da ya fi nauyi a cikinsu, lasifika zan ce maka. Takardarta da ta shekara hamsin tana kai da komowa ta yi laushi, sabuwa ba za ta yi haka ba sai ta sha aiki. Na ga mutum ya cire tsohuwar lasifika ƙirar Jensen don ta ɗan yage a gefe, ya sa ta rediyon mota, ya dawo yana cewa ampli ya mutu. Yagewar nan da gam da takarda mai laushi ake ɗinke ta.

Kuma kada a ɗauka sai da kwalba ake kiɗa mai daɗi. Roland JC-120 na tiransisto ne tun fitowarsa a 1975, yana da amsa-kuwwar sifirin shi ma, kuma manyan makaɗa sun yi suna da shi. Murya ce daban, ba wai ta gaza ba.

An ce in aka canza kondansa muryar za ta tafi. Gaskiya ne?

A nan ne na fi yin gardama da mutane, ta fuska biyu. Wasu ba sa son a taɓa komai, wasu kuma so suke a kwashe komai a zuba sabo.

Manyan kondansa masu tace wuta akwai ruwan sinadari a cikinsu, kuma yana bushewa. Bayan shekara ashirin duk abin da suka ƙara kyauta ce. Zafi kuma na cin su: ƙa'idar da masu ƙera su ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Ka tuna bazarar Maraɗi, Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40 a inuwa, ga kuma kwalabe na hura nasu a cikin akwati. Waɗannan dole a canza su, da irin adadinsu na asali. Ba sa riƙe da wata murya sai gurnani, kuma ran da ɗaya ta fashe tana iya tafiya da tiransifoma, wadda samun irinta a nan sai an sha wuya.

Ƙananan kondansa da ke kan hanyar sauti kuwa, da rezista na gawayi, ba na taɓa su sai na auna na ga laifinsu. Wadda ke yoyon wuta ta fita. Rezistan da ke suya ya fita. Sauran su zauna. Na taɓa karɓar wani ampli na shekarun 1960 da wani mai gyara ya kwashe masa komai don neman shiru, ya ƙara girman kondansa ninki uku, ya cire kwalbar daidaita wuta ya sa diyod, ɗan ƙaramin abu na zamani mai irin aikinta. Shirun ya samu, amma ampli ya sandare, numfashin nan ya tafi. Garin neman gira aka rasa ido. Mun mayar da abin da za mu iya, sai dai tsofaffin kayan an riga an zubar. Don haka ko wa ya yi maka gyara, ce masa ya ba ka abin da ya cire a leda.

Tsofaffin kwalabe sun fi sababbi?

Na da, irin na Mullard da ake yi a Blackburn ta Ingila, da RCA na Amurka, da Telefunken na Jamus, an yi su da kyau kuma suna daɗewa. Amma wadda aka ciro daga tsohon rediyo ba ka san saura kwana nawa gare ta ba, kuma akwai na jabu da aka buga wa tambari. Har yanzu ana ƙera sababbi: JJ a Sulobakiya, masana'antar Saratov a Rasha mai yin Sovtek da Electro-Harmonix, da wasu a Sin. A 2022, da yaƙin Yukiren ya tashi, sun yi wuya, kuɗinsu ya hau. A gurbin karɓar amsa-kuwwa ni ba na duba suna, wadda ta fi shiru nake sawa.

Ƙananan kwalabe na iya shekaru masu yawa, manyan ne ke ƙarewa da aiki. In za a canza manyan, a sayo waɗanda aka auna suka yi daidai da juna, kuma mai gyara ya saita wutar da suke ja. Alama biyu ka riƙe: in tabon azurfar da ke cikin gilashi ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, ta gama. In kuma ka ga faffaɗan ƙarfen cikin babbar kwalba ya yi ja kamar na maƙera, kashe nan take.

Daga Amurka aka aiko mini da shi. In jona kawai?

Kada ka kuskura. Nasu bolt 120 ne, namu 220. Karanta abin da aka rubuta a bayansa. In 120 kaɗai ne, sai da tiransifoma mai rage wuta, mai ƙarfin da ya ninka abin da ampli ke ci sau biyu. Kuma tasu wutar sau 60 take yi a daƙiƙa, tamu 50, don haka tiransifomarsa za ta fi ɗumi a nan. Ba shi iska.

In da janareto kuke wasa, bari ya tashi ya daidaita kafin ka kunna ampli, ka kuma kashe ampli kafin a kashe shi. Za ka lura gurnanin na hawa da sauka tare da kukan injin, wannan ba laifin ampli ba ne. Ƙaramin injin sola mai arha wanda wutarsa ba ta da santsi yana sa ziza da zafi, a nemi mai tsabtar wuta. Fis in ya ƙone a sa irinsa daidai. Zaren waya ko takardar sigari a gurbin fis shi ya kashe yawancin tiransifomar da na gani a mace. Kuma kada a taɓa kunna ampli mai kwalba ba lasifika a jone.

In na riƙe tsirkiya leɓena ya taɓa makirfo sai in ji wuta ta ja ni.

Ka daina wasa da shi har a gyara, don wannan yana kisa. Tsofaffin ampli na Amurka waya mai baki biyu gare su, da wata kondansa tsakanin wutar gari da jikin ƙarfen ampli. In ta lalace, jikin ampli da tsirkiyun jitarka sun zama wayar wuta. A cire ta, a sa waya mai baki uku. Amma baki na uku ba shi da amfani in gidan ba wayar ƙasa, kuma gidaje da yawa a garin nan babu. A kafa sandar jan ƙarfe mai tsawo a wuri mai danshi, don rairayinmu in ya bushe da rani ba ya ɗaukar wuta sosai. Ampli da kayan makirfo su sha wuta daga wuri guda. Sau da yawa wannan kaɗai na rage rabin gurnanin da ake kuka da shi. In wani ya ce ka karya baki na uku don ƙara ta tafi, kada ka yarda.

Me zan iya yi da kaina, me zan bar wa mai gyara?

Wayoyin RCA, gwangwanin sifirin, musanya ƙananan kwalabe, share ƙura, rufe shi da zane in ya huce, nisanta bayansa da bango, duk naka ne. Ciro ƙarfen da kayan ke ciki kuwa ba naka ba ne. Bolt 400 ɗin nan da na ce ka riƙe suna iya zama cikin kondansa bayan an zare waya daga bango. Maigidana kafin ya bar ni in sa hannu sai da ya koya mini sauke wutar da rezista, in auna da mita in ga ta sauka, kuma in ampli na kunne hannu ɗaya ke aiki, ɗayan na aljihu.

To Malam, zai taɓa yin shiru gaba ɗaya?

Ba zai yi ba, kuma ban taɓa yi wa kowa wannan alkawari ba. Ko ranar da ya fito daga masana'anta, in aka kai Reverb ƙarshe ana jin ɗan huci da ɗan gurnani can ƙasa. Ga ma'aunin da nake sallamar ampli da shi. Ina zare jita, in sa murya a inda mai shi ke wasa, Reverb a 3 ko 4, don a tsofaffin Fender nan ma ya wadatar. Sai in ja da baya taku uku in tsaya. In daga nan gurnani na isowa kunnena, aiki bai ƙare ba, in koma kan benci. In kuwa sai na durƙusa na kai kunne gaban lasifika nake jin hucinsa, sai in ɗaure kusoshi, in sa tsofaffin kayan da na cire a leda, in kira mai shi ya zo da jitarsa ya gwada.